Ni Ke Tafiya, Ita Ke Tsalle

Har yau ban yarda cewa talotalo ne a cikin kejin nan ba. Zabuwa ce. Tun muna aji shida na firamare na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Duk mai son ya kawo mini wata magana, to ya fara zuwa ya zauna a bencin shagon Gwaggo ya ga abin da na gani da idona.

Gwaggo ƙanwar babana ce. Tana da shagon buga takardu a bakin Fagge, ta wajen da in ka tsallaka titi ka faɗa Sabon Gari. Katin biki, takardar neman aiki, wasiƙar 'yan atamfa zuwa ga masu ba su kaya, duk ita ke bugawa. Shekara da shekaru da tafireta take fama, sai da shagon kusa da ita ya fara kwashe mata mutane sannan ta sayo kwamfuta ta hannu. Fara ce a zamaninta, amma kafin ta zo hannunmu ta dafe kamar tsohon haƙori. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani tana shawara da kanta kafin ta yarda ta farka.

Wanda ya sayar mata da ita wani mai gyaran injina ne a Sabon Gari, mutumin kudu maso gabas, wanda ya daɗe a Kano har yana ce wa garinsu "can". Gwaggo tana ce masa Injiniya, shi yana ce mata Hajiya. 'Yarsa kuwa ajinmu ɗaya, bencinmu ɗaya, kuma in an tashi makaranta shagon Gwaggo muke yada zango tare har babanta ya biyo ya ɗauke ta. A Kano aka haife ta. Hausar bakinta ta fi tawa gudu, in kuwa faɗa ya tashi da 'yan wani aji, ni dai gefe nake komawa ina ɗaukar darasi.

Ranar da Injiniya ya kawo kwamfutar, da ya gama haɗa wayoyi sai ya zaro wani ɗan faifai baƙi mai kusurwa huɗu daga aljihun gaba, irin wanda ake ce wa filofi. Ya zura shi, ya danna nan ya danna can, ya ce wannan gyara ce, ta yara. Gwaggo ta ce ita ba don yara ta sayi injin ba. To amma wa ya taɓa mayar da gyara? Haka ta tsuke baki ta bari.

Gem ne. Wayyo, gem ɗin nan! Da ya buɗe sai wani ɗan siririn kiɗa ya tashi kamar sauro ya samu sarewa. Ga wani ɗan tsurut mai kai kamar tulu tsaye a ƙofar gidansa. Can sai wani abu mai fukafukai ya sauko, ya sure keji da tsuntsu a ciki, ya yi sama da shi. Tsuntsun bai fi ƙwayar wake ba a fuskar kwamfutar, kuma kafin ka ƙifta ido an tafi da shi. Ni na ga ɗigo-ɗigo a jikinsa, na ce zabuwa ce. Ita ta ga ja a wuyansa, ta ce talotalo ne, wai me Bature zai yi da zabuwa. Na ce abin da kowa ke yi da ita mana. Nan take muka ƙulla: sai mun ƙwato kejin nan mun gani da idonmu, wadda ta faɗi kuma ita za ta riƙa ɗaukar wa ɗayar jakar makaranta har mu gama sakandare.

Sai dai kwamfuta ɗaya ce, kibod ɗaya, mu kuwa biyu, kuma babu mai haƙuri a cikinmu. Ranar farko saura kaɗan mu tsinke wayar wajen ja-in-ja. Gwaggo ta ɗago daga lissafin katin da take yi, ta ce ko mu raba ko ta kashe. Ta nuna ni ta ce, ke ɗauki kibiyoyin nan na dama. Ta nuna ƙawata ta ce, ke kuma dogon nan na ƙasa. Shi ke nan hukunci ya yanke. Ni ke tafiyar da ɗan tsurut gaba da baya, ita ke sa shi tsalle. In rami ya zo ni ba ni da yadda zan yi sai ta danna, ita kuma in ban tafi ba sai dai ya yi ta tsalle a wuri ɗaya kamar wanda cinnaka ya shiga wandonsa.

Mun sha mutuwa, ba a magana. Na ce ta makara, ta ce ni na yi gaggawa. Ta ce ƙafata kamar ta agwagwa, na ce hannunta kamar an jiƙa shi a koko. Amma a hankali sai muka daina buɗe baki. Gwiwar hannuna ta hagu tana manne da tata ta dama, in na kusa bakin rami sai in ɗan zungure ta, ita kuma ta danna. Daga baya ma zungurin ya zama na al'ada kawai, don kafin in taɓa ta ɗan tsurut ya riga ya tashi sama. Mataki na farko kuwa mun haddace shi fiye da karatun jarrabawa. Mun taɓa ɗaure idanunmu da ɗankwalina da nata mayafin makaranta muka buga shi a makance, muka wuce, muka yi ta ihu har mai shayin gefe ya leƙo yana tambaya ko gobara ce.

Abin da ya sa muka haddace shi haka, wuta ce. Ba mu san ana ajiye inda aka tsaya ba. Babu wanda ya gaya mana, mu ma ba mu tambaya ba. Duk sanda aka ɗauke wuta, ko Gwaggo ta ce mu tashi ga mai aiki ya zo, to an koma ƙofar gida, an sake sure keji, an sake musun zabuwa da talotalo daga tushe. Lokacinmu na gaske shi ne in Gwaggo ta shige ciki yin la'asar da cin abinci. Matsalar ita ce ni ma sallar tana kaina. Sai in yi alwala a guje, in tayar, ƙawata tana zaune ta ɗora yatsa a kan dogon maɓalli tana jira, ina sallamewa ta ce Allah ya karɓa, zo zauna. Wata rana Gwaggo ta tsaya a bayana ta kalli sallar nan tun daga kabbara har sallama. Ta ce kaza ma in tana tsattsagar dawa ta fi ni natsuwa, in tashi in sake. Na sake, ƙawata tana toshe baki da jakarta kar dariya ta fito.

Ana cikin haka, dab da jarrabawar fita firamare, ƙawata ta zo makaranta ba ta da walwala. Sai da muka tsallaka titi sannan ta gaya mini. Babanta ya yanke shawara za ta yi sakandare a can garinsu, makarantar kwana, hutu kuma wajen kakarta. Da an gama dogon hutu za ta tafi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, to kejin fa? Ita ma ba ta ce komai a kan rabuwa ba. Ta ce ai dole mu gama kafin lokacin. Daga ranar abin ya tashi daga wasa, ya zama aiki. Muna da hutu guda, kuma ni kaɗai ba zan iya tsallake ko kwata ba.

Mun yi wa gem ɗin nan dirar mikiya. Muka wuce kogon da duwatsu ke faɗowa, muka wuce inda ƙasa ke santsi, wurin da ya ci rayukanmu har muka sa masa suna mayanka. Gwaggo da ke cewa ba ruwanta, sai ga shi tana buga takarda a tsohuwar tafireta don ta bar mana injin, tana satar kallo ta gefen tabarau, in mun faɗa rami ta ja tsaki. A ƙarshe muka iske wani ƙaton kwaɗo mai tofa wuta yana gadin wata ƙofa. Ya kashe mu, ya sake kashe mu, har muka gane in ya kumbura wuya sau biyu to a na ukun zai tofa. Ranar da muka haye kansa ya fashe, wallahi ban san sanda na hau kan benci ba. Ƙawata ta rungume Gwaggo, abin da ba ta taɓa yi ba. Ƙofa ta buɗe. Can nesa muka hango kejin yana lilo, ɗan mitsitsi, ana shigewa da shi.

Sai fuskar kwamfuta ta koma shuɗiya, rubutun Turanci ya cika ta.

Mun karanta, mun kuma gane, don mu ba dolaye ba ne. An ce sannunmu da ƙoƙari, wannan kashi na ɗaya ne, kashi na biyu da na uku na sayarwa ne, ga adireshi a wata ƙasar Turawa. Kuna tsammanin jikinmu ya yi sanyi? Ko kaɗan. Ni 'yar Fagge ce, ita 'yar Sabon Gari. Mun tashi mun san abu guda tabbas: duk abin da ake sayarwa a duniya akwai shi a kasuwar Sabon Gari. In ba ka samu ba, ba ka iya tambaya ba ne. Wane ne zai tsaya aika wasiƙa ƙasar waje alhali ga kasuwa nan tsallaken titi?

Mamanta tana da rumfar kayan roba a cikin kasuwar, don haka muna da dalilin shiga. Muka kwashi tsofaffin filofin da Gwaggo ta daina amfani da su, muka nufi layin masu kayan lantarki. Abin da ba mu yi la'akari da shi ba shi ne ɗan kasuwa ba ya cewa babu. Ba ya cewa. Ko jirgin sama ka tambaya zai ce zauna, ina zuwa, yana ɗaya shagon. Muka yi wa na farko bayani, da hannu da ƙafa: ɗan tsurut, kai kamar tulu, keji, kwaɗo, kashi na biyu. Ya gyaɗa kai tun kafin mu gama, ya ce shi ne ai, jiya ma wani ya saya. Ya karɓi filofi ya ɓace, ya dawo ya miƙo mana, ya ce mu je mu gwada.

Muka taho a guje, muna tsallake kwatoci, muna kutsawa tsakanin 'yan acaɓa. Muka zura. Gem ɗin tseren mota ne. Muka kalli juna, muka ce to bari mu ɗan gani kafin mu mayar. Ni ke juya sitiyari, ita ke riƙe da birki, kuma ba ni da labarin ta taɓa taka shi ko sau ɗaya. Muka kwana biyu muna afka wa bishiyoyi muna shewa. Da muka ci tseren ƙarshe, sai ga shuɗin rubutu: kashi na ɗaya ke nan, saura na sayarwa.

Muka koma wajen wani. Shi ma ya ce zauna, ina zuwa. Ya ba mu na jirgin yaƙi. Wani ya ba mu na mai haƙar ƙasa da ke tara lu'ulu'u. Wani ya rantse da abincin da zai ci cewa nasa ne ci gaban, muka zo muka tarar da lissafi ne na 'yan aji biyu, da wani ɓeran da ke tafi in ka ci. Akwai wanda ba shi da tsalle sam, ƙawata ta naɗe hannu ta ce wannan ba gem ba ne, ni ma na yarda, muka goge shi. Kowanne muka buga sai ya kai mu daidai inda daɗi ya fara, sannan ya shuɗe mana fuska. Mun zama gwanayen farkon abu. Kuma gaskiya, ban taɓa jin daɗin hutu kamar wannan ba. Kullum da sabon faifai a aljihu, kullum muna cewa yau dai shi ne. Har mukan manta kwanaki suna tafiya, sai mun ga mamanta ta sayo akwatin ƙarfe da bokiti an rubuta suna a jiki.

Wata Asabar Gwaggo tana buga katin bikin 'yar wani Alhaji, sai haruffa suka fara zubowa daga saman fuskar kwamfuta suna taruwa a ƙasa kamar an girgiza tsamiya. Sunan ango ya zube, sunan amarya ya bi shi. Ɗaya daga cikin faifanmu ya kwaso wa injin cuta. Abin da Gwaggo ta faɗa mana ranar nan ba zai rubutu ba. Ta haɗa da ni, da ƙawata, da kwaɗon, da wanda ya ƙirƙiro gyara. Aka aika aka kira Injiniya.

Ya zo ya zauna, ya ce mu kawo duk abin da muka zura wa injin. Muka zazzage jaka. Ya bi faifan nan ɗaya bayan ɗaya, muna ba shi labarin yadda muka samo kowanne, yana dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido. Da ya natsu sai ya ce mu matso.

"Kun san in kun je wajen mai tsire, yakan yanko ɗan ƙarami ya ce ku ɗanɗana? To duk waɗannan ɗanɗano ne. Shi ya sa ake rabawa kyauta, kowa ya ba kowa. Tsiren yana can wajen mai shi."

Ƙawata ta ce to a wane layi mai shi yake.

"Ba ya Kano," in ji shi. "Babu shi a kasuwar nan. Babu."

Wannan ne karo na farko da na ji ɗan kasuwa ya ce babu da bakinsa. Na fashe da kuka a gaban kowa, kuka mai majina, har Gwaggo ta manta tana fushi. Suka ɗauka tsuntsun nake yi wa. Ni kuwa a lokacin ne na gane cewa yarinyar nan tafiya za ta yi da gaske, kuma ba mu gama ba.

Injiniya ya wanke injin, Gwaggo ta kafa doka: babu mai sake taɓa shi. Muka bi doka, don ba mu da fuskar roƙo. Amma ana gobe tafiya, da la'asar, ba wuta, sai Gwaggo ta tashi da kanta ta ja janareta, abin da ba ta yi sai aikin gaggawa. Ta yafa mayafi ta ce za ta barka a Kwaciri, kuma za ta daɗe. Ta ajiye baƙin faifan nan na farko a kan tebur ba ta kalle mu ba, ta fita.

Muka buga tun daga ƙofar gida har kwaɗo, ba mu mutu ko sau ɗaya ba. Ƙofa ta buɗe, keji ya yi lilo, shuɗi ya rufe. Muka zauna muna kallonsa, gwiwar hannuna a jikin tata. Sai ta ce, "Kar ki shiga ƙofar nan ba ni." Kamar da akwai hanyar shiga. Na ce na rantse.

Ta tafi a babbar motar kudu. Mun yi wasiƙa kaɗan, daga baya shiru, kamar yadda akan yi. Karatu ya zo, aure ya zo, 'ya'ya, aiki. Gwaggo ta rufe shago, yanzu masu sayar da waya ne a wurin. Sai a 'yan shekarun nan aka buɗe zauren tsofaffin 'yan firamarenmu a waya, muka sake samun juna. Tana can gabas tana da kantin magani. Mukan gaisa da sallah da kirsimeti, a tura hoton yara, a ce sun girma. Maganar keji ba ta taɓa tasowa ba, na ɗauka ta manta.

Kwanan baya ina ofis, aiki ya yi sauƙi, sai kiɗan sauron nan ya faɗo mini a ka haka kawai. Na shiga intanet ina kwatance kamar yadda muka yi wa 'yan kasuwa: ɗan tsurut, keji, kwaɗo mai wuta. Jama'a, ga shi! Kashi uku cif, kyauta, wai ya tsufa har mai shi ya sake shi. Kafin shayina ya huce ya sauka a kwamfutata. Na tashi na taka rawa a tsakiyar ofis, uwar 'ya'ya da ni, abokiyar aikina tana tambaya ko ƙarin girma aka yi mini.

Na ce wa kaina leƙawa kawai zan yi, leƙe ai ba shiga ba ne. Na buɗe kashi na biyu. Ga ɗan tsurut a bayan ƙofar da muka bar shi. Na ɗora yatsu a kan kibiyoyi, suka gane wurinsu kamar jiya aka rabu. Na ruga. Rami ya zo. Na faɗa. Na sake, na sake faɗawa. Na san inda dogon maɓallin yake, ga shi nan ƙaton gaske a gabana, amma duk sanda na iso bakin rami hannuna ba ya zuwa can. Gwiwar hannuna ce ke zungurar iska. A karo na ƙarshe ta zunguri kofin shayi, ya kife a kan takardun mutane.

Na ɗauki waya na kira ta, ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce na samo kashi na biyu, da na uku. Sai ta ce, "Kin shiga?"

Na ce na gwada, ramin farko ma ban wuce ba, na kuma yi asarar shayi.

Ta yi dariya har da tari, irin dariyar babanta. Da ta lafa sai ta ce, "Ni na daɗe da samo shi. Yana nan a kwamfutar kanti."

Na ce, amma ke muguwa ce, to mene ne a kejin?

"Ina na sani? Nawa tsalle kawai yake yi a bakin ƙofa. In na ce zan tafiyar da shi sai in manta da tsallen. Na rufe na ce sai kin zo."

Can ta gyara murya ta ce za ta shigo Kano ƙarshen shekara, bikin 'yar ƙanin mamanta a Sabon Gari, in shirya ɗaukar jaka, kuma in sani yanzu jakar tata akwati ce mai taya. Na ce ta dai zo da ƙarfinta, don tawa jakar har da kwanon abinci a ciki.

Washegari na hau adaidaita sahu na tafi layin masu kayan lantarki neman kibod babba, irin ta da, don ta kwamfutata ba za ta ɗauki hannun mata biyu masu jikinmu na yanzu ba. Yaron shagon ya ce in zauna, yana zuwa, tana ɗaya shagon. Na zauna.